Kwanon Oga Marcel

Ranar Talata ce a ƙarshen Afrilu, ana zafi tun safe, hadari kuma ya fara taruwa a kan duwatsun Kagoro. Obadiah kafinta yana bisa katangar maƙwabcinsa, Marcel, yana yaye tsohuwar jinka.

"Oga Marcel, mu bar ɗaki ɗaya da ciyawa. Dubi sama mana."

"Cire duka!" in ji Marcel daga ƙasa. "Kwano yana cikin jirgin kaya, gobe ya iso. Na tsufa a reluwe, kai za ka koya mani jirgi?"

"Jirgi ka sani. Ruwan garin nan, ni na san shi."

"Burkutu ka sani!"

Obadiah ya yi dariya, ya wurgo damin ƙarshe.

Shi kaɗai Marcel ya dawo Kafanchan bayan yaƙin basasa, ya tarar da gidansa ƙone, sai bango. Obadiah ne ya taya shi ɗora ciyawa. Matar Marcel, Fidelia, ta zauna can gabas, ta ce ba za ta ƙara kwana ƙarƙashin abin da wuta ke ci ba. Tun daga nan ba shi da wata magana sai ta kwano. Ya auna ɗakuna da igiya, ya tara katako ɗaya-ɗaya, ya cika gwangwanin madara da ƙusa.

Jirgin bai zo Laraba ba. Ruwa ne ya zo.

Obadiah ya tsallaka da buhu a ka, ya sami Marcel a tsakiyar ɗaki, ya lulluɓe gwangwanin ƙusa da rigar ruwansa, shi kuma ya jiƙe sharkaf.

"Taso mu je wurina. Afiniki ta hura wuta."

"Na taɓa barin gidan nan sau ɗaya," in ji Marcel. "Ya isa."

Kafin kwanon ya iso, tari ya kama shi. Afiniki, matar Obadiah, tana kai masa kunu tana dawowa da shi yadda ta kai. Ya ƙi asibiti, wai sai ya ga rufi. Da kwanon ya iso, Obadiah ya fara rufi da ɗakin da Marcel yake kwance, yana buga guduma a hankali.

"Buga da ƙarfi, kafinta!" muryar ta fito daga ƙasa. "Fidelia ba ta son yoyo."

"In ta zo, ita za ta dafa mani akuya."

"Kaza dai. Aikinka na kaza ne."

Da la'asar Obadiah ya leƙa ta inda ya rage a rufe, don ya tambaya ko layin ya miƙe. Hasken rana ya faɗo daidai kan gadon. Idon Marcel a buɗe yake, yana kallon kwanon. Obadiah ya kira shi, ya sake kira, sannan ya sauko tsani.

Bayan Fadan coci ya yi addu'a an binne Marcel, Obadiah ya koma ya ƙarasa rufin shi kaɗai, har ƙololuwa. Wani direban jirgi ya kai wa Fidelia labari. Ba ta zo ba.

Yanzu in ana ruwa, Obadiah yakan zauna a bakin ƙofarsa yana jin ƙarar kwanon a kan ɗakunan da ba kowa. Ko ɗigo ba ya shiga. Abin da ruwan farko ya ci: katifa ɗaya, rediyo, rabin buhun gari, da Marcel.