Tsaga a Lilon Hermelinda

A juyi na nawa ƙarfe yake fara gajiya? Shekara talatin ina walda, har yau ban san amsar ba. Na dai san ba nauyin rana ɗaya ke karya shi ba. Lanƙwasa ce da miƙewa sau dubbai, har wata tsaga siririya kamar gashi ta buɗe a bakin walda, ta riƙa ci a ɓoye.

Saura kwana biyu bikin waliyyin garinmu, San Isidro, na hau babban lilon Doña (wato uwargida) Hermelinda, mai juyawa kamar ƙafar keke da kujeru goma sha biyu. Ni nake duba shi duk shekara kafin fenti, don ba a tarbar waliyyi da tsohon launi. A inda sandar tsakiya ta zauna, na ga layin tsatsa ya keto fentin bara. Na kankare, na shafa kananzir, na share, na goga alli. Ba a jima ba kananzirin ya tsattsafo, ya zana baƙin layi mai tsawon yatsana.

Waldata ce. Shekara uku da suka wuce na ga ƙaramar tsaga a nan. Maimakon in tone ta har tushe, sai na shimfiɗa walda a kanta don ana sauri.

Na sauko na tarar da Hermelinda tana gasa wainar masara. Na ce mata lilon nan ba zai juya bana ba. Ko kallona ba ta yi ba.

“Eustaquio, tsufa ya sa ka fara ganin fatalwa a ƙarfe. Marigayi mijina Nicanor ne ya ƙera lilon nan da hannunsa, bai taɓa kayar da kowa ba. Liƙe shi yadda ka saba, a shafa fenti.”

Ta tuna mini cewa ranar Asabar Fada zai yayyafa masa ruwan albarka, yaran coci kuma su fara hawa da fararen kayansu. Ta ce ba ita za ta tsayar da shi ba, kuma da wannan gwiwar tata mai ciwo ba ta hawa tsani don kallon zanen alli.

Na roƙe ta abu ɗaya: ta bari mu gwada shi da nauyi. Na buga alama da ƙusa a ƙarshen tsagar, muka ɗora buhunan yashi a kujeru, muka kunna inji. Na zauna ina ƙirga juyi. Idan tsagar ba ta motsa ba, zan yi shiru kamar wancan karon? Ban yarda da kaina ba.

Da yamma na sake shafa kananzir da alli. Layin ya wuce alamar da tsawon ƙwayar shinkafa.

“Doña, ban gyara ta ba wancan karon,” na ce. “Rufe ta na yi. Shekara uku yara suna juyawa a kan ƙaryata.”

Sai ta goge hannu a jikin siket, ta kama tsanin, ta hau a hankali tana nishi. Ta sa farce a layin, farcen ya maƙale.

Ta sauko. Ta wuce wajen injin, ta zare bel ɗin da ke juya lilon, ta naɗe shi, ta rataya a kafaɗa.