Kyamarar da Yaya Ta Saya wa Guguwa

Tun da likita ya hana Guguwa hawa keke, gidan ya yi tsit. Shekararsa goma sha shida, abokansa ne suka laƙaba masa sunan saboda gudunsa, sai ga shi yanzu zuciyarsa ba ta ɗaukar ko hawan bene. Duk Asabar abokan kan wuce zuwa tudun bayan gari ba tare da shi ba.

Wata rana ya ce wa yayarsa, mai aiki a shagon wanki da guga, "Yaya, da ina da kyamarar bidiyo da na bi su. Ba sai na hau ba, ɗauka kawai zan yi."

Tun dawowarsu daga asibiti bai taɓa neman komai ba. Washegari tana tashi daga aiki ta nufi layin masu kayan lantarki.

Shagon ɗan ƙarami ne, wayoyin caji rataye har suna taɓa kai. Mai shi dattijo ne, tabarau a goshi. Da ta yi masa bayani ya ɗauko wata baƙa.

"Wannan tana jawo nesa kusa, hoto ba ya rawa, ko ruwan sama ya dake ta ba ruwanta."

Ya faɗi kuɗin. Ta yi dariyar yaƙe. "Baba, ai sai in sayar da dutsen gugar mai shagonmu, in haɗa da kaina."

Ya turo mata wata ja, ta hannu, gefenta duk ya goge. "Ba zan rufe ki ba, 'yata. A ɗaki lafiya lau take. A fili kuwa sai abu ya zo gabanta. Batirin kuma irina ne, da wuri yake gajiya."

Ta daɗe tana juya su biyun a hannu. Maganin yaron ya kusa ƙarewa. Ta ɗauki jar.

Ranar Asabar ta kai shi gindin tudun a motar haya. Abokan suka yi masa caa, kowa yana cusa fuska a gaban kyamara. Can suka hau kekunansu. Kafin su sha kwanar farko ta hanyar sun zama ɗigo-ɗigo. Ya danna maɓallin jawo hoto, komai ya dagule ya koma hazo. Ya ɗan taka sama don ya matso, bai yi nisa ba ya dafe ƙirji ya zauna a kan dutse. Ta riƙe masa gorar ruwa.

Lokacin da suka gangaro a guje suna ihu, "Ka ɗauka? Ka ɗauka?" batirin ya riga ya mutu.

A gida suka zauna bakin gado suna kallon ɗan allon kyamarar. Kwalta, ciyawa, sararin sama yana karkarwa. Sautin da ya danne komai shi ne wani huci mai nauyi, kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Haka nake numfashi, Yaya?"

"Iska ce."

"Ba iska ba ce."

Ya rufe allon a hankali.

Da mako ya zagayo, ɗaya daga cikin abokan ya zo aron kyamarar zai ɗaura a kan kekensa. Guguwa ya nuna masa inda take, ko tashi bai yi ba. "Ka riƙe ta kawai."

Bayan yaron ya fita ta ce, "Zan roƙi dattijon nan ya ba ni baƙar, in riƙa biya kaɗan-kaɗan."

"Ki bari, Yaya. Ba laifin kyamarar ba ne." Ya juya fuskarsa bango.

Ranar Litinin abokiyar aikinta ta tambaye ta yaya mai ɗaukar fim. Ta ce yana nan. Sai da ƙauri ya cika shagon ta lura dutsen gugar yana zaune a kan wuyan rigar wani.