Jakar Baba Direba

"Fitar min da kwalayen nan daga ɗaki," in ji Baba Direba, yana nuna ƙofa da sandarsa. "Wa ya aike ki?"

Mai Keke ta tsaya a bakin ƙofa, kwalaye a hannu, ƙaton buhu a hammata. Ita ce maƙwabciyarsa ta jikin bango a gidan hayar, ɗinki ne sana'arta, kuma tun da ta tare a gidan ba su taɓa gaisawa sun rabu lafiya ba. Shi ya ce ƙarar keken ɗinkinta na hana shi barcin rana, ita ta ce tarinsa na korar mata masu kawo ɗinki.

"Taimako na kawo, Baba. Na ji gobe za ka bi ɗanka asibiti, na ce bari in kawo abin zuba kaya."

"Riƙe taimakonki. Ɗakin kike so."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya ƙona mata rai. Ɗakinsa ne kaɗai mai babbar taga a gidan. Ita kuwa da 'ya'yanta suna cushe a ɗaki ɗaya, keken yana lungun baranda mai duhu, har idonta ya fara gazawa. Mai gidan ya riga ya gaya mata: idan tsohon ya kwashe kayansa ya tafi, ɗakin nata ne, idan ya bar kaya ya kulle, ba mai taɓa masa ƙofa.

Ɗan tsohon, wanda ya zo daga wani gari don ya tafi da shi, yana durƙushe gaban akwatin ƙarfe, gumi ya jiƙa masa riga.

"Baba, likita ya ce jinyar za ta ɗauki lokaci. Kuma daga asibiti gidana za ka wuce. Mu kwashe komai kawai, kowa ya huta."

"Kai ka huta. Duk shekarun da na yi ina jan babbar mota, ban taɓa ɗaukar abin da ya wuce jaka ɗaya ba. In na kwashe kaya, na ce ba zan dawo ba ke nan. To, zan dawo, in zauna a tagar nan, in ga mai hana ni."

Ya jawo tsohuwar baƙar jakarsa daga ƙarƙashin gado, ya fizgi zif da fushi. Zif ɗin ya tsinke ya biyo hannunsa.

Mai Keke ta cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata.

"Bari in fita in sayo sabuwa," in ji ɗan.

"Sabuwa ba ta san hannuna ba. Wannan ko a duhu na san inda komai yake." Tsohon ya juya ya fuskanci bango, kamar da shi yake magana. "An ce akwai mai ɗinki a gidan nan."

"Mai hana mutane barci dai," in ji ta. Amma ta miƙa hannu ta karɓa.

A lungunta ta zauna ta ɗora jakar a cinya. Abin da sauƙi: ta ce ba ta gyaruwa. In babu jaka sai akwati, akwati kuwa in aka buɗe masa baki ba ya ƙoshi. Ɗan zai yi ta turawa har ɗakin ya zama wayam. Ta ma yi tunanin ruɓaɓɓen zaren da ke ƙasan gwangwaninta. Sai ta hango jakar ta fashe a ƙofar asibiti, tsohon yana shelanta wa duniya sunan wadda ta ɗinka. Wannan kam ba za ta ba shi ba. Ta ciro zif mai ƙwari, ta bi shi da zare mai kauri, ta sake bi, tana tsaki tana zagin kanta. Ba tausayi ba ne, ko kaɗan.

Da ta mayar masa, ya ɗaga jakar saitin taga ya ƙare mata kallo.

"Layin ya karkace."

"Idonka ne ya karkace, Baba."

Ba ta tafi ba, ta jingina da ƙofa ta ga iya gudun ruwansa. Ya naɗe rigunansa ɗaya bayan ɗaya kamar tabarma, ya jera su a tsaye, kowacce ana ganin kanta. Ya cusa safa a cikin takalmi, ya sa takalmin a leda, ya kwantar a ƙasa. Sabulu da reza suka shiga aljihun hagu, wayar caji da ya ɗaure da roba ta shiga na dama. Magunguna ya ɗora a sama. Bai sa abu ɗaya sau biyu ba. Ɗan ya faki idonsa ya tura wata rigar sanyi, tsohon ya zaro ta ya jefa masa a fuska.

"Ko da za a buƙata, Baba."

"Duk abin da aka ɗauka don ko da, nauyi ne kawai. Na sa ɗaya a jikina, ta isa."

Daga ƙarshe ya ɗauki makullin ɗakin, ya kaɗa shi a gaban Mai Keke, ya jefa a aljihun gaban jakar. "Wannan nan zai zauna. In na dawo ba zan tsaya lalube a gaban maƙiya ba."

"Allah ya kai ka lafiya, Baba," in ji ta. "Dawowar kuma sai yadda hali ya yi."

Ɗan ya ɗago ya dube ta. Ba ta janye maganar ba, ta kwashi kwalayenta ta fita.

Washegari da safe ta fito shara, ta same shi zaune a bencin baranda. Ya kulle ɗakinsa, ya sa rigar sanyinsa, jakar tana kan cinyarsa, ya rungume ta da hannu biyu. Halinsa ne: gara ya jira mota da mota ta jira shi. Ɗan ya fita neman tasi.

"Ɗaga ƙafa in share."

Bai tanka ba.

"Har yau ɗin ma sai ka nuna hali? To zauna. Ka tafi ka bar ɗaki a kulle, gizo-gizo ya sha iskar taga, mu da muke da rai mu ruɓe a lungu. Ka ci riba."

Ta bugi takalminsa da tsintsiya. Ƙafar ta goce gefe, ba ta koma ba. Wani ƙuda ya sauka a gefen bakinsa yana yawo, bai kore shi ba. Ta kira shi a hankali, ta taɓa bayan hannunsa, ta ji shi da sanyi. Tsoro ya fara kama ta, kunya ta biyo baya, ta fi tsoron nauyi. Tana nan tsaye da tsintsiya a hannu tasi ya tsaya a ƙofar gida. Sai da ɗan ya ɓamɓare yatsun ubansa kafin ya iya zare jakar.

Bayan an gama zaman makoki ɗan ya zo lungunta. Bai gaishe ta ba.

"Kwalayen nan naki suna nan?"

Suna nan. Da su ya kwashe ɗakin, kafin la'asar ya gama, ya ƙi yarda ta kama masa ko da buhu. Da zai tafi ya ce, "Ga ɗakinki nan. Allah ya sa ki ji daɗinsa."

Mai gidan ya cika alkawari. Yara suka ruga ciki suna rabon kusurwa, ta daka musu tsawa ta kore su waje. Ita kaɗai ta ja keken, yana kartar siminti, har gindin taga. Haske ya zubo a kan farantin keken, ta ga ƙurar da ta daɗe ba ta san da ita ba. Ta ɗauko wata riga da ta yi alkawarin gamawa ranar, ta lashi bakin zare, ta kai shi ga allura. Ya shige nan take. Ta ɗora ƙafa a kan matakin keken, ta zauna haka, ba ta taka ba.