Ginshiƙin Katako a Shagon Rustem

Ƙwallo ce ta haɗa Rustem faɗa da ginshiƙin nan. Shagon shayinsa yana ƙasan wani bene mai hawa biyar a Istanbul, shi kuwa ginshiƙin ya ƙame a tsakiyar shago kamar surukin da ya ƙi tafiya. Duk wanda ya zauna bayansa ba ya ganin talabijin, sai an yi ihu ya tambaya wa ya ci. Masu shan shayi suka fara sulalewa shagon maƙwabci. Da matarsa Gulten ta tafi biki ƙauyensu, Rustem ya kira masu guduma da injin yankan rodi suka sare shi tun daga tushe. 'Yan shago har da tafi. Gulten ba ta sani ba, don iyakar mace a shagon shayi bakin ƙofa.

A hawa na farko Rustem da Gulten suke zaune, gadonsu daidai saman inda ginshiƙin ya taɓa tsayawa. Shekaru suka shuɗe, bene bai ce uffan ba.

Sai girgizar ƙasa ta afka wa kudu. Talabijin ɗin da aka yi wa fili ya daina nuna ƙwallo, ya koma nuna garuruwan da suka zama ɓaraguzai, benaye sun kwanta hawa kan hawa kamar an jera gurasa. Wani farfesa mai sanƙo ya ce ƙasar nan a kan manyan fayafayan dutse take, suna gugar juna, kuma tsagar da ke tsakaninsu ta bi ta ƙarƙashin tekun Marmara, ta daɗe tana tara fushi. Ta Istanbul tana nan tafe, in ji shi, ranar ce kawai ba a sani ba. Ya ƙara da cewa benaye da dama sun faɗi ne saboda masu shaguna sun sare musu ginshiƙai.

Ilhan, tsohon matuƙin jirgin fito, ya ajiye kofinsa ya ce, "Rustem, ga shi ana gaishe ka a talabijin."

"Sha shayinka, tsoho. Da ban sare ba, ta ina za ka ga sanƙon farfesan?"

Aka yi dariya. Amma a makon nan Rustem ya kwashi bargonsa ya koma kwana falo, dab da ƙofar fita, ya ce wa Gulten munsharinta ne ya hana shi barci. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta sayi sabon matashi, ta sha ganyaye, ta daina cin abincin yamma, kullum da safe ta tambaye shi ko an samu sauƙi. Shi kuma gogan sai ya girgiza kai.

Da aka ji masu duba gine-gine sun shigo unguwa, Rustem ya sa kafinta ya haɗa masa ginshiƙin katako, fayau a ciki, aka shafa masa fenti kalar siminti, aka rataya masa shuɗin dutsen nan na maganin kambun baka. Mutanen suka zo, suka sha shayi kyauta, suka ga ginshiƙi a inda ya kamata, suka wuce.

Ran wata Laraba da azahar Gulten ta sauko da tiren wake da shinkafa. Tana bakin ƙofa kofuna suka fara kaɗawa a kan tebura, fitila ta shiga lilo, ƙasa ta yi gurnani. Maza suka yo waje a guje, Ilhan mai ciwon gwiwa shi ne kan gaba. Ita kuwa Gulten ta haddace abin da aka koya wa mata a talabijin: a nemi ginshiƙi a durƙusa gindinsa. Sai ta kutsa ciki, tana kiran mijinta ya zo su fake, ta rungume ginshiƙi da iya ƙarfinta.

Ginshiƙin ya biyo ta.

Girgizar ƙarama ce, nan da nan ta lafa. Rustem ya leƙo daga titi ya tarar da matarsa zaune a ƙasa, katako a cinyarta, wake ya watse ko'ina. Ta ƙwanƙwasa shi, ya amsa kamar ganga. Ta ɗaga kai ta dubi silin, inda guntayen rodi masu tsatsa suka leƙo, da wata tsaga da ta nufi bango. Ta san abin da ke saman wurin, ita take share shi kullum.

"Gulten, bari in yi miki bayani. Su Ilhan ne suka matsa, kin san ƙwallo…"

Ilhan ya ce shi fa dama can yana ganin talabijin daga kujerarsa.

Ba ta ko kalle su ba. Ta ture katakon gefe, ta miƙe, ta kaɗe siket. Rustem ya shirya shan tire a ka, da ma hakan ta yi da ya fi masa sauƙi. A hankali ta yi magana, amma duk wanda ke bakin ƙofa ya ji.

"Ashe ba na munshari, maigida."