Hantar da Aka Yi Wa Kiwo

"Ja numfashi ki riƙe," in ji Dakta Mirfat, tana danna kan na'urar hoton a ƙarƙashin haƙarƙarin Nagat na dama.

Nagat ta riƙe. Tun da ciwon hantar mijinta Fathi ya kai inda likitoci suka ce sai dashe, ita ta miƙa wuya ta ce a yanki tata a sa masa. Jininsu ya zo ɗaya. Wannan hoton kaɗai ya rage a sa ranar aiki.

Likitar ta daɗe tana kallon allon. Nagat ta san irin wannan kallon, don ta sha ganin sa a asibitocin birnin Mansura, kuma bai taɓa zuwa da alheri ba.

"Maman Salma, tashi ki goge cikinki. Hantarki akwai kitse, da yawa kuwa."

Nagat ta yi wata 'yar dariya ta gajiya. "Kitse? A jikin wa? Haba Dakta, dube ni fa. Zoben aurena ma sai da na naɗa masa zare ya daina zamewa."

"Na gani. Hanta ba ruwanta da abin da sikeli ya ce. Ina ganin ramammu irinki da kitse fal, ina kuma ganin masu tumbi da hantarsu tas. Akwai mai ciwon suga a gidanku?"

"Mahaifiyata. Da yayata."

"To kin ji. Me kike ci kwanakin nan?"

Wai me take ci! Tun ranar da aka ce ita za ta bayar, surukarta Hajiya Nabawiyya ta ɗaura ɗamarar kiwonta kamar ragon layya. Wace tsohuwa ce a garin nan za ka raba ta da cewa zaƙi ne abincin hanta? Da safe fatir, gurasar nan mai maiƙo, da baƙar zumar rake, da rana shinkafa da agwagwa, da la'asar ruwan rake cike da babban kofi, Hajiya na tsaye a kanta sai ta ga ƙasansa. Nagat takan ci har zuciyarta ta tashi, ta ce a ranta don Fathi ne. Da jikin ya ƙi amsa kiwon, Hajiya ta ce kambun baka ne, ta ƙara yawan zumar.

Dakta Mirfat ta saurara har ƙarshe, sannan ta cire tabarau ta murza ido.

"Kitsen nan ya daɗe, ba surukarki ta kawo shi ba. Amma ta taimaka masa ƙwarai. Ba zan bari a yanki hantar nan a haka ba. Ke haɗari, shi haɗari."

"To yanzu yaya ke nan?"

"Ki bar suga da ruwan rake, ki rage farar gurasa da shinkafa, ki riƙa tafiya a ƙasa kullum. Bayan 'yan watanni mu sake dubawa. Yakan ragu."

"Fathi yana da 'yan watannin?"

Likitar ta shiga gyara takardun gabanta, waɗanda dama a gyare suke. Can ta ce, "Ba shi da ɗan'uwa?"

"Akwai ƙanensa Mahrus. Amma ƙato ne, Dakta, ƙofa ma da gefe yake shiga. Hajiya ta ce ba sai an wahalar da shi ba."

"Hajiya ce ta ɗauki hotonsa? Ku kawo shi gobe da safe, kada ya karya. Ban ce zai dace ba. Na ce a duba."

A cikin bas ɗin komawa gida, an matse Nagat tsakanin taga da wata mata mai kwandon kabeji. Garin neman ƙiba an samo rama, ta ce a ranta. Tsoro ya cika ta, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan sanyi na cewa wuƙa ba za ta hau kanta ba, kuma wannan sanyin ya ba ta kunya har ta juya fuska waje. Ta gaji. Ta gaji da layi, da warin magani, da cin abin da ba ta so tana godiya. Ta kuma san Hajiya ba wawuya ba ce. Tsohuwa ce mai 'ya'ya biyu rak, kuma da a kwantar mata da su rana ɗaya gara a kwantar da 'yar wasu. Nagat ta daɗe da gane haka, ba ta taɓa faɗa ba.

Ta tarar da Fathi a kwance a doguwar kujera, ido rawaya, ciki a kumbure, hannu kamar sillen kara. Mahrus na zaune a ƙasa gaban faranti, ya dawo daga aikinsa na hawa benaye da tukwanen gas a kafaɗa, yana ba yayansa labarin wata mata da ta ce tukunyar da ya kawo mata iska ce zalla.

"Ga amaryar asibiti nan!" in ji shi. "An sa rana? In ɗinka sabuwar riga?"

Hajiya ta fito daga kicin da kofi a hannu. "Rufe mana baki, ƙaton banza. Zo 'yata, shanye tun da sanyinsa. Me suka ce?"

"Ba zan sha ba, Mama."

"Ba za ki me ba? Da ƙafata na je na karɓo miki!"

"Sun ce hantata kitse ne. Ba za su yanka ba."

"Kitse? Ke? Likitar nan da idonta kuwa?"

Fathi ya lumshe ido. "Shi ke nan, Nagat. Allah bai yi ba. Zauna ki huta."

Da ta zauna ɗin, ta san ba za ta iya sake buɗe baki ba. Don haka ta tsaya a inda take, da mayafinta da jakarta, ta dubi ƙanen mijinta.

"Mahrus, likita ta ce ka je gobe a duba taka. Kada ka karya."

"Ke Nagat!" in ji Hajiya. "Ɗaya na kwance, so kike ki kwantar min da ɗayan? Yana da yara ƙanana!"

"Ni ma ina da 'yata Salma, Mama."

Mahrus ya ajiye gurasar hannunsa a hankali, fara'ar nan tasa ta ɗauke.

"A duba tawa? Mama, ba cewa kika yi tun farko kin tambaya, likita ya ce mai jiki irin nawa ba ya bayarwa ba?"

Hajiya ta dubi wanda ke kwance, ta dubi wanda ke zaune, sannan ta dafa bango ta sulale ƙasa a tsakaninsu, kamar wadda tsufa ya cim mata yanzun nan. Fathi ya miƙo hannu ya dafa kafaɗarta.

Hajiya ba ta ɗago ta dubi kowa ba.

"Ku fita da wuri," in ji ta. "Layin wurin nan tsawo gare shi."