Sunan da Zai Fito

Rumfar Inna tana layin masu kayan miya a kasuwar Dutse, kusa da ta Kamilu mai manja. Daddawa take sayarwa da kuka da busasshiyar kuɓewa da barkono, sai man gyaɗa da ƙanwarta ke aiko mata daga Miga. Tun da na gama jami'a a Kafin Hausa nake zama tare da ita, ina jiran a tura ni bautar ƙasa. Ban iya ciniki ba. Idan mutum ya taya kaya da arha, ni ce kunya take kamawa a madadinsa. Aikina a rumfar guda ɗaya ne, kuma na daɗe ina yin sa kafin in gane cewa aiki ne.

Shekarar da takardun kuɗi suka yi wuya, kowa ya koma taransifa, yayana ya bar wa Inna tsohuwar wayarsa da asusun da ke cikinta. Ya rubuta lambar a jikin kwali, ya rataye a bakin rumfa, ya koma Kano wajen aikinsa. Daga baya kuɗi sun dawo hannun mutane, amma da yawa sun riga sun saba. Ma'aikatan sakatariya da ɗalibai da waya suke biya, ko da ƙullin kuka ɗaya suka saya. Mutum zai shigar da lambar, suna ya bayyana masa a fuskar waya, sai ya ɗago kai ya ce, "Wane suna zai fito?"

Sunan kuwa Ubaidullahi Muntaka ne. Na farko sunan ɗan farin Inna, na biyu sunan mijinta. Tun da nake ban taɓa jin ko ɗaya a bakinta ba. Yayana "yaron nan" ne a wurinta, duk da ya yi gemu ya ajiye iyali. Baba kuma "Malam" ne, wani lokaci "shi" kawai. Don haka duk sanda aka yi tambayar, Inna sai ta sunkuya tana ɗaure bakin leda, ni kuma in faɗi sunan daga bayan buhunan barkono. Ni makaranta ta saba mini da faɗin sunan Baba, tunda shi ake haɗawa da nawa a kira ni.

Na gwada rubuta sunan da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin lambar. Bai yi amfani sosai ba. A lokacin ana ta zancen cewa a wani layi an taɓa cire wa wata tsohuwa kwalinta aka rataya wani, da wata lamba da wani suna, ta wuni tana auna kaya kuɗin na tafiya wani wuri. Ko gaskiya ne ko ƙari, ban sani ba. Amma tun daga nan mutane ba sa yarda da kwali. A bakin mai kaya suke son su ji.

Wata Talata na je duba ko sunayenmu na bautar ƙasa sun fito, na dawo na tarar da Madam Nanret tsaye da waya a hannu, ledoji jere a gabanta. Mutuniyar Filato ce, tana aiki a sakatariya. Duk ƙarshen wata takan sayi daddawa da man gyaɗa nata da na matan ofishinsu, har da wanda take aika wa danginta. Babu mai yi wa Inna ciniki kamarta.

"Mama, ki faɗa mini kawai," in ji ta.

"Ai ga shi nan a rubuce, Madam."

"Na gani. A bakinki nake so in ji."

"Na yaron nan ne."

"Wane yaro? Kasuwar nan duk yara ne."

Kamilu ya leƙo daga bayan jarkokinsa. "Madam, ko kwana za ki yi a nan ba za ta faɗa ba. Dawo nan, ni sunana ko a lasifikar masallaci sai in faɗa."

"Kai ai ko ba a tambaye ka ba faɗa kake yi," Inna ta ce, ba ta ko kalle shi ba.

Madam Nanret ta yi dariya, amma ba ta danna wayar ba. "Na san al'adar, Mama, ban raina ba. Zamana a Dutse ya girme wa yarinyar nan. Amma kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai. Na taɓa turawa inda ba daidai ba, har yau matan ofis suna yi mini gori."

Na ajiye jakata na faɗi sunan. Ta duba, ta tura. Da mai kura ya kwashe kayan, ta juyo ta dube ni, sannan ta dubi Inna.

"Ranar da ba ta nan fa?"

Inna ta ce Allah na nan. Madam ta ce haka ne, ta tafi.

Daga ranar na fara lura. Idan na je salla na dawo, nakan tsaya nesa kaɗan kafin in ƙaraso. Ba wanda yake yin faɗa da Inna. Mutum zai yi tambayar, ya ji "na yaron nan ne", ya ɗan kalli waya, sai ya ce, "Kai, sabis ya ɗauke. Bari in zaga in dawo." Inna sai ta juye daddawar da ta ƙulla cikin kwando tana cewa kamfanonin waya ba su da tsoron Allah. Ni kuwa ina hango mutumin a rumfa ta gaba, sabis ya dawo masa. Tsofaffin abokan cinikinta, waɗanda suka san Yaya tun yana rarrafe, ba ruwansu da tambaya. Sai dai su ɗin suna ta raguwa, wasu ciwon ƙafa ya zaunar, wasu jikoki suke aikowa, jikokin kuma da waya suke zuwa.

Ban gaya mata abin da nake gani ba sai da sunana ya fito. Kwara aka tura ni. Da yamma muna tsakar gida tana tankaɗen kuka, na zauna kusa da ita na faɗa mata duka, idona a kan rariya.

Can ta ce, "Wato ba sabis ba ne."

"Wani lokaci shi ne."

"Zaituna, kar ki lallashe ni."

Na ce ko a roƙi Kamilu ya riƙa amsawa. Ta ce Kamilun da ya fara ajiye man gyaɗa a bayan manjansa, yana zaton ba ta gani? Na ce to a buɗe mata asusu nata na kanta, da sunanta.

Ta tsayar da rariyar. "Sunana? A wayar kowane ɗan acaɓa da ya tsaya sayen barkono?"

Duk unguwa da kasuwa Inna Gaji ake ce mata, kuma Gaji ba shi ne sunanta na yanka ba. Na gaskiyar ni ma a takardun makaranta kawai na san shi, inda ake cike gurbin uwa. Ta ci gaba da tankaɗe, garin kuka na sauka a faifai. Na ɗauka maganar ta mutu ke nan. Rumfar nan da ita ta yi mini kuɗin mota zuwa Kafin Hausa duk tsawon karatuna, kuma ban san me Inna za ta zama ba idan aka ce ta zauna a gida.

Kwana biyu bayan haka, da safe, na ga ta sa mayafinta na unguwa maimakon na kasuwa. Katin ɗan ƙasa yana hannunta.

"Malam ya ce ba laifi," ta ce. "Tashi mu je, kafin rana ta yi."

A banki ma'aikacin ya karanta sunan daga kati, ita dai kai kawai ta ɗaga. Aka ɗauki hotonta, ta dangwala yatsa. A hanyar dawowa cikin adaidaita tana ta kallon duwatsu kamar baƙuwa a garin. Na rubuta sabon kwali, lamba kawai, don ta ce kar in sa suna.

Ƙarshen wata Madam Nanret ta zo, saura 'yan kwanaki in tafi. Aka auna mata, aka ƙulla, ta ciro waya ta ɗaga kai, sai ta tsuke fuska.

"An canza lamba?"

"An canza," in ji Inna.

Ta shigar a hankali, tana duba kwalin tana duba waya. Sannan ta juyo wajena kamar yadda ta saba. "To, wane suna zai fito?"

Na buɗe baki. Inna tana zaune a gabana, bayanta ya kusa taɓa gwiwata. Sunan yana kan harshena, amma ya ƙi fita. Na sunkuya na kama gyaran bakin buhun barkono wanda ba abin da ya same shi.

"Yau kuma ƙaramar ce ta kamu," Kamilu ya ce. "Madam, gidan nan gado suke yi."

Inna ta waiwayo ta kalle ni, ta yi ɗan murmushi. Ta gyara mayafinta, ta matsa kusa da Madam, ta rage murya yadda Kamilu ba zai ji ba.

"Khadijatu. Khadijatu Malam Idirisu, Allah ya jiƙan mahaifina."

"Amin," Madam Nanret ta ce. Ta duba wayar. "Amma babu Malam a nan, Mama."

"Su ne ba su sa ba. Tura."

Ta tura. Wayar Inna ta yi ƙara a cikin kwandon daddawa, ta ɗauko ta duba lambobin da kanta, ta mayar.

Madam ta ɗauki leda ɗaya, ta tsaya tana kallon Inna. "Khadijatu. Duk shekarun nan ina sayen daddawarki ban sani ba."

"To kin ji," in ji Inna. "Ba sai kin maimaita ba."

Wani saurayi da ke tsaye a bayan Madam da waya a hannu ya matso, ya ce a ba shi kuɓewa. Inna ta jawo mudu.