Fom ɗin Auta

A makarantar su Auta akwai wani ɗan ofis a ƙarshen baranda, teburi ɗaya da kujeru uku da fanka mai ƙara. Nan malamar da ke ba ɗalibai shawara kan karatu da sana'a take zama. Duk ɗan ajin ƙarshe sai ya bi ta hannunta kafin ya aika fom ɗin neman gurbin karatu na gaba. Anti Sai-ka-gani suke kiranta, saboda dokarta: ba ta karɓar fom ɗin kowa sai ya je ya wuni a bayan mai yin aikin da ya rubuta.

Auta likita ta rubuta, ba ta ma tsaya tunani ba. Babanta mai gyaran keken ɗinki ne, kuma tun tana ƙarama yake kiranta Likita, har telolin da ke kawo masa aiki suka kama. A shagon ta girma, tana miƙa masa sifana tana wanke ƙusoshi a gwangwanin kananzir, amma da ta shiga sakandare sai ya hana ta taɓa komai.

Ranar Litinin Anti ta tura ta asibiti wurin wata likita, mace mai kirki. Auta ta zauna a gefe tana kallon marasa lafiya suna shiga suna fita, tana danne hamma har idonta na kawo ruwa. Wajen azahar abin awon jini ya ƙi hawa, likitar ta ce ta kai shi ɗakin gyara da ke bayan asibitin.

Tana tura ƙofar ƙanshin man inji ya tare ta. Na'urori ne jibge har saman kanta, wasu a buɗe, wasu an lulluɓe su da zane. Mai gyaran, wani dogo da ya ɗaure ƙafar gilashinsa da zare, ya ce ta ajiye, sai ya samu lokaci. Ta ajiye, amma ba ta tafi ba. Ta matsa robar da ake hura shi da ita, ta kai kunne, ta ji iska na fita. Ta nemi ruwan sabulu ta shafa, kumfa ta tashi daidai inda tiyon ya tsage. Mai gyaran ya dube ta ta saman gilashi, ya turo mata kujera da ƙafa. Sai la'asar ta tuna da likitar.

Washegari Anti ta ce, “Yaya asibiti?”

“Lafiya lau, Anti.”

“Cikin marasa lafiyan wa kika fi tunawa?”

Auta ta sunkuyar da kai tana murza yatsu.

“To me ya sami farcenki ya yi baƙi haka?”

Auta ta fara bayani da kunya-kunya, can sai ga ta a tsaye tana kwatanta tiyo da hannu. Anti ta bar ta har ta gama, sannan ta jawo wani ɗan littafi ta buɗe mata. Ashe akwai kwalejin da ake karatun haɗa na'urorin asibiti da gyaransu, kuma sakamakon Auta ya isa har da saura.

“Ban ce ki canza ba,” in ji Anti. “Ke za ki yi karatun. Amma ranar Juma'a da sha biyu ake rufewa, kuma sai da sa hannun mahaifi.”

Da yamma Auta ta kai wa Baba sabon fom a shago. Ya goge hannu, ya riƙe takardar da bakin yatsu, ta karanta masa. Ya ɗago kai ya dube ta.

“Gyara?” ya ce. “Shekara talatin ina cikin baƙin mai don kada ke ki shiga, yanzu ki kawo mini takarda in sa hannu ki shiga da ƙafarki?”

“Baba, ba irin wannan ba ne.”

“Gyara gyara ne, Likita. Ɗauke.”

A gida yayanta ya sami abin tsokana. “Sannu injiniyar allura. Umma, a ba ta fankar ɗakina ta fara gwaji.” Umma ta jefe shi da murfin roba, amma ita ma ba ta goyi bayan Auta ba, sai cewa ta yi a bi tsohon a hankali.

Ranar Laraba sai ga Anti da kanta a shagon. Auta na zaune a kan benci. Baba ya ba baƙuwa kujera, ya gyara zama irin na wanda ya shirya gardama. Anti kuwa ba ta kawo gardama ba.

“Baban Auta, na ji ka ƙi, kuma ƙin naka ne. Abu ɗaya nake roƙo. Na sa ta je ta gani kafin ta zaɓa, kai ma ka je ka gani kafin ka hana. In ka dawo ka ce a'a, da hannuna zan aika fom ɗin likita.”

“Malama, ni ma ɗalibinki ne yanzu?”

“Na awa biyu kawai. Ba jarrabawa.”

Ya yi dariya duk da bai so ba. Ya ce zai je, don kada a ce ya raina mace mai ilimi.

Ranar Alhamis ya sa farar rigarsa ta fita unguwa, Auta na biye da shi. A ɗakin gyara ya tsaya bakin ƙofa, hannuwa a baya, yana kallon wurin kamar an kawo shi kallon juji. Mai gyaran na fama da wani tsohon inji mai zuƙe majina daga maƙogwaron jarirai. Ya ce biyu ne a asibitin, ɗayan yana can yana aiki, wannan kuwa ya yi sati yana wasa da hankalinsa. Ya kunna, injin ya yi gurnani ya soma kakkarwa.

Auta ta ga kunnen Baba ya motsa.

“Kashe,” in ji Baba. “Sake kunnawa.” Ya matso taku ɗaya, ya karkata kai. “Wannan ai bel ne ke zamewa.”

“Na canza bel ɗin, Baba,” in ji mai gyaran.

“To ƙafar da yake hawa ce ta goce. Likita, duba mini.”

Auta ta durƙusa ta leƙa. Ƙusar da ke riƙe ƙafar ta cinye, ga garin ƙarfe a ƙasa. Kafin ta gama faɗa Baba ya naɗe hannun farar rigar. Shi ya riƙe, ita ta kwance, mai gyaran ya tono wata ƙusa a cikin gwangwani. Baba na ta faɗa, “A hankali, ba murfin tukunya kike rufewa ba.” Da aka kunna, injin ya ɗauka sumul. Mai gyaran ya gwada ƙarfin zuƙarsa sau uku, ya ce ya yi.

Ba a daɗe ba wata nas ta leƙo da sauri tana tambaya ko an samu, jarirai biyu ne a kan inji ɗaya. Ta tura injin da aka gyara ta fita. Baba ya bi bayanta ba tare da an kira shi ba, Auta ta bi Baba. A ƙofar ɗakin jarirai aka tsayar da su, sai suka tsaya a jikin gilashi. Suka ga an wanke tiyo an jona, aka sa wa wani ɗan mitsitsin jariri da ke ta kokawa da numfashi. Can sai ƙirjinsa ya fara hawa da sauka daidai. Uwar da ke gefe ta rufe fuska da hannu biyu.

Baba ya daɗe a wurin. Gaban rigarsa duk ya yi baƙi, ko kallonsa bai yi ba.

“Wancan ɗakin,” ya ce a hankali, “duk abin da ke ciki jiransa ake yi haka?”

“Duka, Baba.”

“Mutum ɗaya kuma aka bar wa?”

Da safiyar Juma'a ya riga Anti zuwa ofis, ta same su a baranda shi da Auta. Ya ƙi zama. Ya karɓi biro ya zana sunansa harafi-harafi, ya danna har takardar ta kusa hujewa.

“Malama, aika. Kuma ki gaya musu yarinyar nan ta san aiki, a hannuna ta koya.”

“Zan rubuta musu haka,” in ji Anti, ta buga hatimi.

Auta sai murmushi take yi tana share ido da bayan hannu. Baba ya kai ƙofa, ya juyo.

“Wai kwalejin nan, suna ɗaukar masu furfura?”

“Sai ka kawo sa hannun mahaifi,” in ji Anti.

Dariyar da ya yi sai da ta sa 'yan ajin da ke kusa leƙowa ta taga.